Maigidan da Ya Riƙa Ɗaga Murfin Tukunyar Burodi

Akwai wani maigida a wani gari, mutum ne mai gona da rumbu biyu da awaki, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya yarda da abin da idonsa bai gani ba. In matarsa ta ce ta ɗaure akuya, sai ya je ya ja igiyar. In aka ce an rufe ƙofa, sai ya tashi ya taɓa sakata da hannunsa. Shi yana kiran wannan hali kula da gida. Mutanen gidan kuwa suna da wani suna da suke kiran halin da shi in ba ya nan.

Mutumin nan yana da yaya mace. Tun tana budurwa ta ce wa iyayensu za ta kasuwa, ashe wani mutum ta bi zuwa gari mai nisa, ba da yardar kowa ba. Ta yi shekara ashirin da biyar ba ta waiwayi gida ba, har iyayen suka rasu ba su sāke ganinta ba. Laifi ne, ba zan ce ba laifi ba ne, ita ma ba ta taɓa cewa ba laifi ba ne. Da mijinta ya mutu, ba ɗa ba jika, sai ta dawo gidan ubanta da ƙullin kaya guda. Ta durƙusa a gaban ƙanenta, ga furfura a kanta, ta roƙe shi gafara.

Ya ce, “Na yafe, Yaya.” Ya ba ta ƙaramin ɗakin da ke kusa da garken awaki. Da baki ya yafe, zuciyarsa ba ta san an yi maganar ba.

A cikin ƙullin kayan nan akwai wata kwalba mai faɗin baki, da tsami a ciki. Tsamin ba wani abin asiri ba ne. Garin alkama ne da ruwa, aka bar su suka yi tsami da kansu har suka fara kumfa, kamar yadda ƙullun waina yake yi in ya kwana. Bambancin shi ne ba a ƙarar da shi. A ɗiba a yi burodi, a bar saura a kwalba, kowace safiya a ƙara masa gari da ruwa, sai ya ci gaba da rayuwa. Wata tsohuwa ce ta ɗibar mata a garin da ta zauna, ta kuma koya mata aikin. Shekara ashirin da biyu matar nan tana ciyar da tsamin. Ta ciyar da shi a shekarar yunwa, ta ciyar da shi lokacin da mijinta yake kwance ba lafiya, da burodin tsamin nan ta riƙe gidanta. Duk abin da ta tsira da shi daga shekarun nan masu ɗaci, kwalbar nan ce.

Wata rana maigidan ya tafi kasuwar wani gari sayar da gyaɗa. Yayarsa ta yi burodi guda don ta faranta wa gidan rai. Da ya dawo aka yanka masa. Bayan burodin ja ne mai ƙaras-ƙaras, cikinsa mai laushi da ƙofofi, ga ɗan tsami-tsami mai daɗi a harshe. Ya ci, ya ƙara, har ya tsince ɓarɓashin da ke faranti.

Ya ce, “Yaya, me kika sa a ciki?”

Ta ce, “Gari, da ruwa, da gishiri, da tsamin kwalbata.”

“Ba yisti na kanti?”

“Babu, Ɗantala.” Ita kaɗai ce take kiransa da sunansa na yaranta.

Ya gyaɗa kai, amma a ransa ya ce, wadda ta ce za ta kasuwa ta yi shekara ashirin da biyar, ita ce za ta faɗa mini gaskiya a kan burodi? Ko dai ta sayo shi a wani wuri, ko tana da yisti a ɓoye. Washegari da ta tafi rijiya ya shiga ɗakinta ya birkice kayanta, har ƙarƙashin tabarma. Bai sami kome ba. Mai hankali da a nan ya tsaya, ya ji kunya. Shi kuwa cewa ya yi, lalle matar nan ta iya ɓoyo.

Da kaka ta yi, aka kai amfanin gona rumbu, sai ya gayyaci dattawan gari da maƙwabta su zo ranar Asabar su taya shi godiya ga Allah. Ya cika musu baki cewa za su ci burodin da ba su taɓa cin irinsa ba. Sa'an nan ya kira yayarsa.

Ya ce, “Burodi uku za ki yi, a gabana kuma za ki yi su. In sun fito kamar na ran nan, ɗakin nan naki ne har ƙarshen ranki. In ba su fito ba, to, na san abin da na sani, ki nemi wani wuri.”

Ku ji fa. Gidan ubanta ne, a nan aka yanke cibiyarta, ita ta goya shi yana jariri. Yau wurin kwananta ya rataya a kan burodi uku. Ta haɗiye maganar, gama ba ta da inda za ta. Ta ce, “To.”

Ranar Jumma'a da la'asar ta fara aiki, shi kuwa ya jawo kujera ya zauna a gabanta. Ta ɗiga ɗan tsamin a ƙoƙon ruwa, ya taso sama bai nutse ba, ta san ya isa aiki. Ta kwaɓa gari da ruwa da tsamin, ta bar shi ya huta, sa'an nan ta sa gishiri. Ba ta dake shi ba, ba ta murje shi da ƙarfi ba. Jiƙa hannu take yi, ta jawo gefe ta ninka a kan tsakiya, ta juya kwanon ta sāke, ta rufe da tsumma mai laima, bayan an jima ta dawo ta maimaita. Sau huɗu ta yi haka, har ƙullun ya yi santsi yana riƙe kansa. Da ta gama, maigidan ya ɗauke kwanon ya kai ɗakinsa ya kulle, don kada ta ƙara wani abu a bayan idonsa.

Da safe ya buɗe, ya tarar ƙullun ya tashi ya kusa cika kwanon. A ɗakinsa ƙullun ya kwana, makulli yana aljihunsa. Wace shaida kuma mutum yake nema? Amma ya taɓe baki ya ce, “Tashi a kwano ba shi ne burodi ba.”

Ta raba ƙullun uku, ta cura kowanne, ta bar su su ƙara hutawa. Gidan ba shi da tanderu irin na masu sana'a, sai dabarar da mata suka sani: babbar tukunyar ƙarfe, a zuba yashi a gindinta, a ɗora faranti a kan yashin, garwashi a ƙasa, garwashi kuma a kan murfi. Ta aro tukwane biyu a maƙwabta ta haɗa da ta gida. Ta bar su a wuta tun da wuri har yashin ya yi zafin da in ka ɗiga ruwa sai ya yi cuu ya ɓace. Murhu biyu ne a tsakar gida, saboda haka tukunya ta uku a bayan rumbu ta kafa mata duwatsu, inda iska ba ta kadawa. A lokacin maigidan yana ƙofar gida yana karɓar baƙin farko, bai ga inda ta kai ta ba.

Da ya dawo ta tsaga saman curi biyun da reza, ta yayyafa musu ruwa, ta sa su a tukwanen tsakar gida, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murafan.

Ta ce, “Ɗantala, abu ɗaya nake roƙonka. Kada kowa ya ɗaga murfin nan sai ƙamshi ya kai ƙofar gida. Tururin da ke ciki shi ne yake riƙe fatar burodin da laushi har ya gama tashi. In tururin ya fita, fatar ta bushe, cikin ba shi da wurin zuwa.”

Ta ɗauki curi na uku ta zagaya bayan rumbu.

To, mai zargi ba abin da yake tayar masa da hankali kamar a ce masa kada ya duba. Maigidan ya tsaya yana kallon murafan nan, hannunsa yana masa ƙaiƙayi. Me take ɓoyewa a ciki? Ya naɗe hannu da tsumma ya ɗaga na farko. Tururi ya buge shi a fuska ya tashi sama. Ga curin fari fat, ya fara kumbura, tsagar tana buɗewa. Ya ɗaga na biyu, shi ma haka.

Ta dawo ta same shi a kai. Ta ce, “Rufe, Ɗantala.”

Ya rufe. Da ta juya ta tafi ɗebo gawayi, ya sāke ɗagawa don ya ga ko an sami canji tun ɗagawar farko. A karo na uku kuwa wani dattijo ya kira ya zo ya gani, suka tsaya suna hira a kan buɗaɗɗiyar tukunya, murfi a hannu, zafin da aka yi safiya guda ana tarawa yana tafiya a banza. A karo na huɗu tsinke ya samo ya soka a tsakiyar kowane curi, wai yana gwada ko ya nuna. Matarsa ta ce, “Maigida, ai ta ce a bari.” Ya ce gidansa ne, murhunsa ne, ba wanda zai hana shi duba abin da ake dafawa a tsakar gidansa.

Da lokaci ya yi aka sauke. Burodi biyun sun kwanta sun yi faɗi, bayansu ya yi tauri kamar busasshen ƙanzo, cikinsu kuwa danƙo ne, yana manne wa wuƙa. Dattawa suka gutsura don kara, suna taunawa da ƙyar. Wani ya ce, “Ai ba laifi.” Wannan magana ta fi zagi yi wa maigidan ciwo.

Ya miƙe tsaye, idonsa ya yi ja. Ya ce, “Kun gani da idonku. Ran da ba na gida, burodi ya fito. Yau da na tsaya a kai, ga abin da ya fito. Maƙaryaciya tun tana budurwa, maƙaryaciya da furfura.”

Ta ce, “Ɗantala, akwai na…”

Ya ce, “Ban tambaye ki ba.”

Ya shiga ɗakinta ya fito da kwalbar. A gaban baƙin nan duka ya juye tsamin a kwata, ya ɗauki buta ya bi shi da ruwa, ya ɗauraye kwalbar tas, ya jefa mata ita a ƙafa. Agwagin gidan suka rugo suna wawaso a cikin kwatar. Shekara ashirin da biyu, agwagi suka gama da su kafin mutum ya sha ruwa ya ajiye moɗa. Dattawa fiye da goma suna zaune a wurin, ba wanda ya ce masa kul. Wannan shirun nasu yana ba ni haushi kusan yadda aikinsa yake ba ni.

Yayar ba ta yi kuka ba. Ta dubi kwatar. Sa'an nan ta shiga ta ɗaure kayanta, ta fita, ta bar kwalbar a inda ta fāɗi.

Baƙi suna zaune ba su ci abin kirki ba, sai matar gidan ta zagaya bayan rumbu don ta ɗebo dawa ta yi musu tuwo. A nan ta ci karo da tukunya ta uku, wadda kowa ya manta da ita cikin hayaniya. Garwashin ya cinye ya zama toka, gama mai burodin ta auna shi daidai yadda zai mutu da kansa. Ta ɗaga murfin. Burodi ya cika farantin ya yi tozo, ja wur, tsagar ta buɗe da kyau. Ta juya shi ta ƙwanƙwasa gindinsa, ya amsa kamar ganga.

Ta ɗauko shi ta ajiye a gaban mijinta, a tsakiyar baƙi. Ta ce, “Maigida, gari ɗaya ne, tsami ɗaya, hannu ɗaya. Wannan shi ne wanda ba ka duba ba.”

Ya ɗauki burodin ya fita da sauri, ya sami yayarsa a mararraba, a gindin bishiya, tana jiran mota.

Ya ce, “Yaya, ki yi haƙuri ki dawo. Ɗakin naki ne. Ki yi mana wani, ba zan taɓa murfin ba.”

Ta dube shi, ta dubi burodin da ke hannunsa. Ta ce, “Da me zan yi shi, Ɗantala?”

Mota ta zo, ta shiga. Ya tsaya a bakin hanya da burodi a hannu har ƙurar ta kwanta.

Ma'anar wannan misali ita ce wannan, zan kuwa faɗe ta dalla-dalla don kada wani ya fita daga majami'ar nan ya ce da maƙwabcinsa nake.

Curin da ke cikin tukunya shi ne mutumin da ya tuba ya dawo cikinmu. Ya yi laifi, ya sani, mu ma mun sani. Amma ya zo da ɗan abu a zuciyarsa wanda ya daɗe yana ciyarwa ba wanda ya gani, ɗan tsoron Allah, ɗan begen cewa ko shi ma zai iya zama mutumin kirki. Ba yawa, cikin kwalba ne. Allah ya sa shi a wutarsa yana aiki a kansa, aikin nan kuwa a rufe ake yinsa. Sabon tuba yana bukatar a rufa masa asiri na ɗan lokaci, a bar zuciyarsa da laushi har ta gama tashi. Murfin nan shi ne haƙurinmu da kamun bakinmu.

Maigidan kuwa mu ne. Mu ne masu cewa mun yafe, sa'an nan mu jawo kujera mu zauna muna kallo. “Da gaske ka daina?” “Jiya da wa aka gan ki?” “Ban gan ka a addu'ar Laraba ba, lafiya dai?” Muna tambaya da murmushi, muna kiran abin kula da ɗan'uwa, alhali so muke mu kama shi. Kowace tambaya irin wannan ɗaga murfi ce. Mutum ya gane ba a yarda da shi ba, kunya ta kama shi, fuskarsa ta bushe, ya daina faɗa wa kowa abin da ke damunsa, cikinsa ya tsaya ɗanye. Ran da ya fāɗi sai mu tafa hannu mu ce ai dama mun faɗa. Ba faɗa muka yi ba, aikatawa muka yi da hannunmu. Abin da ya fi muni, bayan ya fāɗi ba ma barinsa da ɗan abin da ya zo da shi. Sai mun tsaya a bainar jama'a mun ce tuban nasa tun farko ƙarya ne, mun juye shi a kwata, sauranmu kuwa muna zaune kamar dattawan nan, ba mai cewa kul.

Na san wani zai ce, “Malam, sai mu zuba ido ke nan, kowa ya yi abin da ya ga dama?” Ban ce haka ba. Mai burodin ba ta bar tukunya ta tafi yawo ba. Ta zafafa yashi tun da wuri, ta auna garwashi, tana kusa tana jiran ƙamshi, ta kuma san akwai lokacin buɗewa. In kana ƙaunar wanda ya dawo, aikinka garwashi ne. Ka je gidansa ka ci tuwonsa. Ka nema masa aiki. Ka yi masa addu'a a ɗakinka, ba a gaban jama'a kana lissafa tsofaffin zunubansa da sunan roƙo ba. In ya nuna, ƙamshin zai same ka har ƙofar gidanka, ba sai ka soka masa tsinke ba.

Ba haka kawai na kawo misalin nan ba, raina a ɓace yake tun makon jiya. Kun san Barnaba mai gyaran keke. Da damina ya bar gidan burukutu ya dawo ya zauna a bencin baya, da rigarsa guda wankakkiya. Wata uku ya yi a cikinmu. Da ya nemi shiga mawaƙa, aka ce a bari a ga kamun ludayinsa tukuna. Wani a cikinku ya canza hanyar zuwa gonarsa don ya riƙa bi ta ƙofar gidan burukutu yana leƙawa. Wasu mata sun tare matarsa a injin niƙa sau uku suna tambayarta ko yana dawowa gida da wuri, har ta daina zuwa injin. Makon jiya Barnaba ya koma inda ya fito, a cikin harabar nan kuma na ji wani yana cewa ai dama mashayi ba ya tuba. Wanda ya faɗa ya san kansa, ya kamata ya ji kunya.

Amma ba zan tsaya a nan ina nuna ku da yatsa kamar hannuna a wanke yake ba. Lahadi ta uku da dawowarsa, ni ne na tsaya a ƙofar nan ina gaisawa da mutane. Na riƙe hannunsa, na jawo shi kusa kamar zan rungume shi, na shaƙi numfashinsa. Ba warin kome. Amma ya gane abin da na yi. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, daga ranar bai ƙara miƙo mini hannu ba.

Akwai mutum biyu da suka dawo cikinmu a watan nan, suna zaune suna jina. Ku janye hannuwanku, ku bar Allah ya gama aikinsa a kansu. Ni dai da an tashi daga nan gidan Barnaba za ni in roƙe shi gafara, ban kuwa sani ba ko zai buɗe mini ƙofa.